Yadda Na Rabu da Akwatin Tsafin Baba Har Na Kai Ga Baftisma a Zariya

Wannan rubutu na 'yan'uwana Kirista ne da gado ya faɗo musu da kayan da ba su san inda za su kai ba, musamman mu da muka fito daga gidajen Maguzawa. Lokacin da abin ya same ni, duk wanda na tambaya amsarsa daban. Wani ya ce in zuba a kogin Galma da tsakar dare kada in waiwaya, wani ya ce in kai gidan addu'a, wani kuma ya ce in tura ƙarƙashin gado in manta, tunda kayan ba sa cin tuwo. Zan faɗi hanyar da na bi daki-daki, da inda aka sa ni jira, da abin da na kashe, domin wanda zai biyo baya ya huta da wasu wahalhalun.

Ni tela ne a Sabon Gari. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Ikara, an kawo ni Zariya koyon ɗinki ina yaro, kuma a gidan maigidana na fara bin mutane zuwa sujada. Na girma a coci, na auri Kirista, ina ba da baiko, ina rera waƙa da ƙarfi, amma ban taɓa yin baftisma ba, babu kuma wanda ya matsa mini. Mahaifina har ya koma ga Mahaliccinsa bai shiga coci ba, bai shiga masallaci ba. Yana da jigonsa, wato itacen tsafi da aka kafa a tsakar gida, inda yake yanka jan zakara kafin shuka, yana da kan gida, wato dabbar da ba ma ci ba ma kashewa, yana da akwatin ƙarfe da ko Inna ba ta taɓa shi. Da aka gama zaman makoki aka zo rabon kaya, Baffa ya turo akwatin gabana ya ce, "Kai ne babba, kai za ka riƙe gida. In ka riƙe, ka riƙe mu duka. In ka saki, abin da ya biyo baya kai ka sani." A cikinsa akwai guru da fatarsa ta yi baƙi ƙirin saboda gumin shekaru, da kambu biyu, da layu manya da ƙanana, da ƙahon rago da aka toshe bakinsa da kakin zuma, da 'yar ƙwarya mai busasshen jini da gashin kaza manne a jiki. Na ɗauko akwatin na kawo Zariya, na kasa shiga da shi gida saboda matata, sai na cusa shi a shago bayan buhunan ƙyallaye.

Inda na fara zuwa ba cocinmu ba ne, domin kunya nake ji a ce mutumin da ya daɗe a benci yana ajiye da irin wannan. Wata mai kawo mini ɗinki ta kwatanta mini wani gidan addu'a a bayan gari, ta ce aikin mai gidan ke nan, karya tsafin gado. Na je da sassafe. A ƙofa aka sayar mini da kati, aka ba ni lamba, na zauna a rumfa tare da mata masu goyo da samari masu neman aiki har rana ta take. Da na shiga, kafin in gama bayani mutumin ya ce ya riga ya gani a ruhu, akwai bagadi a gidan ubana da ke shan jinin arzikina. Ya rubuto mini abin da zan kawo: kwalabar man zaitun wadda dole a wurinsu zan saya, farin yadi, kyandir, gishiri, da kuɗin da ya kira iri, wanda ya haura abin da nake samu a wata. Ya ƙara da sharaɗi cewa ranar da zan dawo kada in gaisa da kowa a hanya. Na sayi man, na koma gida na karanta wa matata takardar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Maigida, ban da zakara, me ya rage a cikin abin da bokan Baba yake rubuto masa?" Ban koma ba. Kuɗin kati da na mai da na mota sun tafi, kwalabar kuma na ajiye ta a aljihun keken ɗinki.

Matar tawa ce ta kai maganar wurin dattijon da ke lura da shiyyarmu, shi kuma ya zo shago da kansa da yamma, ya zauna a kan benci kamar mai jiran ɗinki, sai da mutane suka watse ya ce, "Ɗana, an ce kana da kaya mai nauyi." Shi ya haɗa ni da Fasto. Ga mai bin wannan hanya, ya sani cewa ranar Lahadi bayan sujada ba lokacin wannan magana ba ne, Fasto yana tsakiyar jama'a, kowa yana jan rigarsa. Ana zuwa ofis a ranakun mako, a gaya wa sakatare ana son ganin Fasto a keɓe, ba sai an faɗi dalili ba. Zuwana na farko ban same shi ba, ya tafi jana'iza. Da muka haɗu, na ɗauka zai ce in ruga in ɗauko akwatin a ƙona nan take. Bai ce haka ba. Ya tambaye ni tun yaushe nake zuwa coci, ko na taɓa tsayawa na karɓi Yesu da bakina, ko na taɓa ɗaura wani abu daga cikin kayan, ko an yi mini tsaga ko wanka ina yaro. Sannan ya yi tambayar da ban zata ba: "Kayan nan naka ne kai kaɗai, ko akwai mai haƙƙi a ciki? Inna ta san abin da kake shirin yi?" Na ce ba ta sani ba. Ya ce to ba za a kunna ashana ba sai na je gida na faɗa da bakina, da rana, ba a ɓoye ba. Ya ba ni karatu uku in tafi da su: Fitowa 20, Ishaya 44, da Ayyukan Manzanni 19. Na sa hannu a aljihu zan ajiye wani abu a tebur, ya ce, "Mayar. Siman mai sihiri ya gwada sayen baiwar Allah da kuɗi, ka je ka ga amsar da Bitrus ya ba shi a sura ta 8."

Ishaya 44 ta tsaya mini a rai a motar zuwa ƙauye. Annabin yana ba da labarin mutumin da ya sare itace, ya hura wuta da rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, ragowar kuma ya sassaƙa ya durƙusa masa yana cewa ka cece ni. Na san itacen da aka kafa jigonmu da shi, ina nan aka saro shi a bakin fadama, kuma da reshensa aka yi wa Inna muciya.

Tafiya gida ita ce mataki mafi tsada, ba don kuɗin mota ba. Na riƙa goro da sukari da sabulu da turmin atamfa, na fara da ɗakin Inna. Na durƙusa na ce, "Inna, kayan Baba da aka ba ni, ba zan iya riƙewa ba. Na zaɓi bin Yesu, kuma ba a haɗa shi da wani." Ta daɗe tana kallon ƙasa. Abin da ta ce shi ne, "Ubanka da su ya raine ku, babu wanda ya kwana da yunwa." Na ce haka ne, kuma ban zo in zagi Baba ba. Ta ce in je wurin Baffa. Shi kam ya yi faɗa sosai, ya kira ni ɗan birni, ya ce coci ta cinye mini kai, ya tuna mini wani ɗan uwanmu da ya yi watsi da kan gida ya haukace. Na bar shi ya gama, domin katse babba a irin wannan wuri ɓata magana ne. Na kwana, da safe muka sake zama da ƙannena maza. A nan aka raba abin gida biyu: akwati nawa ne tunda a hannuna aka sa shi, in yi yadda na ga dama, jigo kuwa yana tsakar gidan da Baffa yake zaune, ba ni da iko a kansa. Baffa ya ce in ba na so in ba shi akwatin. Wannan ya rikita ni, na kira Fasto a waya daga bayan gari inda ake samun sabis. Ya ce, "In ka gane abu guba ne, ba ka miƙa wa ƙanin ubanka. Amma jigo kada ka taɓa. Gidiyon ya rushe bagaden ubansa da dare domin Allah ya umarce shi kai tsaye. Kai an aike ka ka faɗi gaskiya ka cire hannunka." Na gaya wa Baffa cewa daga yau ba kuɗina ba hannuna a yankan shuka, amma duk wata hidimar gida, ta ciwo ko ta biki ko ta gona, ina ciki. Bai amsa sallamata ba da zan tafi.

Da na dawo aka rubuta sunana a ajin baftisma. Ana yin sa ranar Asabar da yamma, ana kiran suna kowane zama, wanda ya yawaita fashi sai ya jira zagaye na gaba, kuma namu ya ɗauki watanni. Abin da na saya shi ne ɗan littafin aji, littafin rubutu, da Littafi Mai Tsarki nawa na kaina, domin da na matata muke amfani. Malaminmu tsohon malamin makaranta ne haifaffen Wusasa, mai son tarihi. Shi ya ba mu labarin Likita Mila, Baturen mishan na CMS, wato ƙungiyar mishan ta Angilikan, da ya zauna cikin birnin Zariya tun farkon ƙarnin da ya wuce, da yadda mishan ta koma Wusasa a gindin dutsen Kufena wajen 1929 aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausa, da yadda cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Yakan ce tambayar laya da guru ba da mu ta fara ba, kakanninsa sun zauna a kanta, don haka kada kowa ya ji kunyar ɗaga hannu. Mun bi Dokoki Goma ɗaya bayan ɗaya, amma a ta farko da ta biyu muka fi daɗewa, saboda kowa da abin da yake ɓoye. Wata uwa ta tambaya game da zaren da surukarta ta ɗaura wa jariri a ƙugu. Wani direba ya tambaya game da abin da ke rataye a madubin motar maigidansa. Ni kuma na tambayi maganin gargajiya, domin har gobe ina dafa ganyen darbejiya in zazzaɓi ya kama ni. Malam ya ce Allah ne ya halicci saiwa da sassaƙe, kuma Ishaya da kansa ya sa aka manna wa sarki Hezekiya curin ɓaure a marurunsa ya warke. Ya ce mu duba abin da ya biyo maganin: in an ce sai an yanka wani abu, sai an kira sunan wani iska, sai tsakar dare tsirara, sai an binne a mararraba, to an bar magani an shiga bauta. Wannan ma'aunin ya raba mini gardama da yawa.

Muna tsakiyar aji Fasto ya sa ranar ƙona kayan. Ranar mako ce da la'asar, a bayan coci kusa da ramin shara, daga shi sai dattawa biyu da matata. Ya hana ɗaukar hoto, ya hana sanarwa, ya ce ba wasan kallo ba ne. Abin da na kawo shi ne akwatin, da kwalabar kananzir, da guduma. Aka shimfiɗa buhu, ya ce ni zan fito da kayan da hannuna, in faɗi sunan kowanne da abin da aka ce yana yi, in ce na rabu da dogara gare shi cikin sunan Yesu. Hannuna yana rawa da na ɗauko gurun. Wani dattijo ya ba ni reza ya ce in farke. A ciki akwai tsumma, da gutsuren itace, da wani gari mai kama da toka. Ƙahon da muka girma muna tsoron ko kallonsa, da na fasa, gashi ne da allurai uku da suka yi tsatsa. A kan layu aka yi taka-tsantsan, kuma ina roƙon duk mai karatu ya riƙe wannan da kyau. Wasu layun da aka buɗe akwai takarda mai rubutun Larabci a ciki. Fasto ya ce a ware su gefe, ba za a sa musu wuta ba, domin ba mu san abin da aka rubuta ba, yana iya zama ayoyin da maƙwabtanmu Musulmi suke girmamawa. Ya ce duk wanda ya ga yadda aka ƙona coci-coci a garin nan a rikicin 1987 ba ya wasa da irin wannan, kuma ko ba don tsoro ba, ƙaunar maƙwabci ta hana. Aka naɗe takardun a tsabtataccen ƙyalle, daga baya na kai wa wani kawuna da ya musulunta yake zaune a Tudun Wada. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce su ma a wurinsu dogara ga tsafi shirka ce, ya yi mini fatan alheri.

Sauran kayan aka tara aka zuba kananzir, ni na ƙyasta ashana. Fasto ya karanta labarin mutanen Afisa da suka tara littattafansu na sihiri suka ƙona, waɗanda kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, sannan ƙarshen Romawa 8, inda aka ce ba mala'iku, ba ikoki, ba wani abin halitta da zai raba mu da ƙaunar Allah. Babu abin da ya yi ƙara, babu guguwa, babu wanda ya faɗi. Fata ce kawai take ci a hankali tana wari. Abin da ban shirya masa ba shi ne kuka. Gurun nan warin jikin Baba yake yi, da shi a ƙugunsa yake ɗaukata a kafaɗa zuwa kasuwa. Dattijon da ya fara zuwa shagona ya dafa ni ya ce, "Yi kukanka, ɗana. Ubanka kake kuka, ba gunki ba." Ƙarafan da wuta ba ta ci ba aka daddake da guduma aka binne. Akwatin kuwa Fasto ya ce ƙarfe ne kawai, in wanke in zuba zare da maɓallai. Duka-duka ba mu yi awa guda ba.

Na ɗauka an gama. Ashe wuyar tana gaba, kuma ita ce babu wanda ya gaya mini. Ba a jima ba injin keken ɗinkina ya ƙone, wani ya gudu da kuɗin ɗinkin anko, 'yata ta kwanta da zazzaɓi mai zafi har tana sambatu. Saƙon Baffa ya iso ta bakin ƙanena, kalma uku: "Ai na faɗa." Muka kai yarinyar asibiti a Wusasa, aka gwada jini aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, irin wanda rabin yaran layinmu suka yi a wannan daminar, aka yi mata allurai ta tashi. Amma tsoro ya riga ya shiga. Na tuna da kwalabar man nan. Na fara ɗiga shi a bakin ƙofar shago kowace safiya kafin in buɗe, in shafa a goshin yara, in kwana da Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashi ba tare da na buɗe shi ba. Ranar da na manta ban ɗiga ba, gabana ya yi ta faɗuwa har na rufe shago na koma na ɗauko. Da na ba da labarin a aji ina ganin abin yabo ne, Malam ya cire tabarau ya ce, "An canza wa tuwo suna ke nan." Ya buɗe mana 2 Sarakuna 18. Macijin tagulla da Musa ya ƙera a jeji bisa umarnin Allah, wanda masu kallonsa suka warke, shi ne daga baya Isra'ilawa suka koma suna ƙona masa turare, har sai da Hezekiya ya farfasa shi. Ya ce abin da ya fito daga hannun Allah ma yana iya zama gunki in zuciya ta koma kansa. Game da mai, ya nuna mana Yakubu 5, inda mara lafiya yake kiran dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji, ya ce a nuna masa inda aka sa wa man farashi, ko inda aka ce a tsare ƙofa da shi. A ganina wannan ne haɗarin da ya fi kusa da mu a yau. Guru kowa ya san sunansa, ana ɓoye shi. Amma kwalaba da hankici da sitika mai hoton wani bawan Allah, a fili ake yawo da su, har a yi wa mai su kallon mai ruhaniya. Man nan matata ta soya ƙwai da shi.

Da aji ya ƙare aka ba mu fom. Ana cikewa a haɗa da ƙananan hotuna biyu, masu aure su kawo takardar aure, wanda ya zo daga wata ikkilisiya ya kawo wasiƙa daga can, a biya ɗan kuɗin katin baftisma a karɓi rasit. Kuɗin kaɗan ne, na buga kati ne kawai. Sai ganawa da dattawa, ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna jere a baranda muna ta maimaita ayoyin haddace. Na shiga da shirin amsa tambaya a kan tsafi, aka yi mini biyu aka wuce. Wani dattijo da yake kawo mini ɗinki ya gyara zama ya ce, "Malam tela, in Kirsimeti ta matso ko Sallah, ina kake yini ranar Lahadi?" Ya san amsar, domin ya sha ganin ƙofar shagona a sakaye, keke yana kuka a ciki. Ya ci gaba, "Mutum nawa kake ce wa gobe, kana sane ba ka ko yanka yadinsu ba? Ragowar yadin mutane fa?" Ya karanta Kolosiyawa 3:5, inda Bulus ya kira kwaɗayi bautar gumaka, da Matiyu 6:24, cewa ba a bauta wa Allah da dukiya tare. Ya ce, "Na Babanka ya ƙone cikin awa guda. Wannan da kake buɗe wa ƙofa kullum da asuba, yaya za mu yi da shi?" Ba su hana ni baftisma ba. Sun sa na yi alkawari uku a gabansu: rufe shago ranar Lahadi ko da ana gobe biki, daina karɓar aikin da ya fi ƙarfina, da mayar da ragowar yadi ga masu shi. Na fita ina gumi fiye da ranar wuta.

Sai jira kuma. A ɗarikarmu Rabaran da aka naɗa ne kaɗai yake yin baftisma, namu Faston bai kai ba tukuna, don haka sai da aka samu ranar da babban zai zo, aka ɗaga sau ɗaya saboda taro. Kowa ya tambayi tsarin cocinsa, domin ba ɗaya ba ne: a Angilikan ana zuba ruwa a ka, daga baya Bishop ya ɗora hannu a tabbatarwa, a ECWA da Baptis kuwa nutsarwa ake yi. Tamu ta faɗo a lokacin Ista, cikin zafin bazara. Kwarmin siminti ne a harabar coci, kuma da yake famfo ba ya kawo ruwa, mu 'yan aji muka yi karo-karo aka biya 'yan garuwa suka cika shi tun daren Asabar. A zo da kayan canji, da tawul, da tufafi masu kauri waɗanda ba sa manne wa jiki, musamman mata. 'Yan Zumuntar Mata suna tsaye da zannuwa suna tarbar kowace ta fito. An tambaye ni ko zan sauya suna, na ce a'a, wanda Baba ya raɗa mini ya ishe ni, aka ce ba dole ba ne. A cikin ruwan Rabaran ya tambaye ni a gaban jama'a ko na rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ko na gaskata Yesu Almasihu ne Mai Cetona. Na amsa, ya nutsar da ni. Ranar na fara cin Jibin Ubangiji. Katin bai fito ba sai bayan makonni, sai da na yi ta leƙa ofis, kuma da ya fito an yi kuskure a harafin sunana aka gyara. A duba kafin a bar gaban sakatare, domin wannan katin ake nema wajen aure da wajen sauya ikkilisiya.

Abin da zan gaya wa mai irin kayana shi ne ya fara da cocin da aka san shi, kome kunyar, domin wanda zai gan ka gobe da jibi shi ne zai iya riƙe ka lokacin da yaro ya kwanta ciwo tsoro ya dawo. Duk wanda ya yanka maka farashi kafin ya yi addu'a, ko ya kafa maka sharaɗi irin na boka, ka ɗauki takalmanka. Kada ka yi abin a ɓoye wa dangi, kada kuma ka yi shi don ka ba su haushi. Abin da yake naka ka rabu da shi, na wani ka bar masa, ka ci gaba da gaishe shi. Kada ka taɓa sa wa takarda mai rubutun Larabci wuta. Ka kuma sa ran cewa wani abu zai lalace bayan ƙonawar, domin keke yana lalacewa, yara suna zazzaɓi, kafin wuta da bayanta. Ka shirya tun da wuri wanda za ka kira a daren, don kada hannunka ya laluɓo wani abin riƙewa.

Maganar gida ba ta ƙare ba. Da damina ta matso Baffa ya aiko a kawo kuɗin zakara kamar kullum, ana raba wa kowane ɗa namiji. Na sayi buhun taki na kai da kaina, na ce wannan na gona ne, na yanka kuwa na riga na faɗa. Ya karɓi takin, bai yi godiya ba, amma ya amsa gaisuwa. Game da abinci na bi shawarar Bulus a 1 Korintiyawa 10: abin da aka sa a gabana ina ci ba tare da bincike ba, in an ce mini wannan na jigo ne sai in janye hannu. Inna ta gane haka ba tare da na yi mata bayani ba, yanzu in mun je ranar yanka takan dafa mana miyar kuka da busasshen kifi a wata tukunya daban. Ƙaramin ƙanena ya tambaye ni a ɓoye abin da muka samu a cikin ƙahon, na gaya masa. Ya ce in ya shigo Zariya bayan girbi yana so in kai shi wurin Malaminmu na ajin baftisma.